Yarinyar da ta ƙi sunkuyar da kai: nazarin lamarin Minnijean Brown, 1957 zuwa 1958

A watan Fabrairun 1958 wasu ƙananan katuna suka fara yawo daga hannu zuwa hannu a babbar makarantar sakandare ta Central da ke Little Rock, babban birnin jihar Arkansas a kudancin Amurka. Rubutun da ke jikinsu gajere ne: ɗaya ta tafi, saura takwas. Wadda ta tafin ita ce Minnijean Brown, 'yar shekara 16, ɗaya daga cikin ɗalibai baƙaƙen fata tara na farko da suka shiga makarantar a watan Satumban 1957, a tsakiyar fararen fata kusan dubu biyu. Hukumar makarantu ce ta kore ta, kuma laifin da aka rubuta mata shi ne ta rama.

Yawanci idan ana ba da labarin Little Rock, gwamna da shugaban ƙasa da sojoji ne suke cika fagen. Ni abin da ya dame ni shi ne ita yarinyar. Da wane irin kallon kanta ta shiga makarantar nan, wa ya ba ta shi, kuma me wata biyar suka yi masa? Lamarinta ya cancanci a zauna a kansa, domin a jikin mutum ɗaya aka ga yadda gida da jinsi da launin fata suke haɗuwa su faɗa wa matashi ko shi wane ne, a daidai shekarun da yake neman wannan amsar ido rufe.

Abin da kotu ta ce game da zuciyar yaro

Sai an ɗan koma baya kafin a fahimci yadda aka yi yaran nan tara suka tsinci kansu a bakin ƙofar Central. A shekarun 1940 wasu masana halayyar ɗan Adam guda biyu, miji da mata, Kenneth Clark da Mamie Phipps Clark, sun yi wani gwaji da 'yan tsana. Ita Mamie 'yar Arkansas ce, a garin Hot Springs aka haife ta a 1917. Sukan ajiye wa yaro baƙar fata 'yan tsana huɗu masu kama ɗaya, biyu farare biyu masu duhun fata, su ce ya miƙo wadda yake son wasa da ita, ya miƙo mai kyau, ya miƙo mummuna. A rahoton da suka fitar a 1947 sun gwada yara 253 'yan shekara uku zuwa bakwai, wasu a Arkansas, har da cikin Little Rock, wasu a Springfield ta jihar Massachusetts. Kusan kashi biyu cikin uku farar 'yar tsana suka zaɓa don wasa. Tambayar ƙarshe ce ta fi ciwo: miƙo min wadda ta yi kama da kai. Akwai yaran da suka fashe da kuka a nan, wasu suka fice daga ɗakin da gudu.

Ranar 17 ga Mayu 1954 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci, bakin alƙalanta tara ya zo ɗaya, cewa raba makarantun gwamnati bisa launin fata ya saɓa wa tsarin mulki. Alƙalin alƙalai Earl Warren ya rubuta cewa ware yara saboda launinsu yana dasa musu jin cewa su na ƙasa ne, kuma wannan tabo yana iya zama a zukatansu har abada. Cikin ayyukan masana da kotun ta ambata akwai na Kenneth Clark. Ke nan tun daga tushe, shari'ar nan ta taɓo yadda yaro yake kallon kansa.

Sai dai akwai wani abu a cikin gwajin da ba a cika tsayawa a kansa ba. Yaran arewa, waɗanda suke cuɗanya da fararen fata a makaranta, sun fi na kudu karkata ga farar 'yar tsana. A ajiye wannan a gefe, za mu dawo gare shi.

Wadda ta fito daga gida

An haifi Minnijean ranar 11 ga Satumba 1941, ita ce babba a cikin 'ya'ya huɗu. Mahaifinta Willie Brown magini ne mai zaman kansa, yana kuma karɓar kwangilar gyaran filaye da lambuna. Mahaifiyarta Imogene tana kula da gida, tana kuma aikin taimaka wa ma'aikatan jinya. Ba masu kuɗi ba ne, amma gida ne mai rufin asiri, inda uba yake cin gumin hannunsa. Ta yi karatu a makarantun baƙaƙen fata, ta kai Horace Mann, sabuwar sakandaren da aka buɗe musu a 1956. Doguwa ce, mai fara'a, mai son waƙa, bakinta kuma ba ya mutuwa.

Idan aka dubi sauran takwas ɗin za a ga kusan irin wannan gidan suka fito. Mahaifiyar Ernest Green malamar makaranta ce, haka ma ta Melba Pattillo, wadda take cikin baƙaƙen fata na farko da suka yi digiri a Jami'ar Arkansas. Mahaifin Carlotta Walls magini ne da ya yi yaƙin duniya na biyu. Mahaifin Elizabeth Eckford yana aiki a kamfanin jirgin ƙasa. Yara ne da suka tashi cikin iyali da coci da malamai 'yan uwansu baƙaƙe da suka san su da suna, suka kuma sa musu rai. Dokar gari tana cewa su zauna a bayan bas, amma mutanen da suke kallon fuskarsu kullum suna ce musu ku masu daraja ne, ku masu ƙwaƙwalwa ne.

Tun 1902 masanin zamantakewa Charles Horton Cooley ya kwatanta yadda mutum yake sanin kansa da duba madubi: muna hango yadda wasu suke ganinmu, mu yi hasashen hukuncin da suka yanke mana, sai mu ji alfahari ko kunya. Abin da ya kamata a ƙara a kan maganarsa shi ne madubai ba nauyinsu ɗaya ba. Yaro ba ya ɗaukar hukuncin duk wanda ya wuce a titi. Na uwa yake ɗauka, da na uba, da na malamin da yake so, da na ƙawayen da yake zama da su. Shekara goma sha biyar Minnijean ta yi tana duba madubin da yake nuna mata kyakkyawar fuska, ta kuwa yarda da shi. Saboda haka da aka zo neman masu son komawa Central, ta rubuta sunanta ba tare da wani dogon lissafi ba, tana sa ran idan aka san ta za a so ta, yadda aka saba son ta. Melba da Carlotta ma sun rubuta nasu sunayen ba tare da sun fara shawara da iyayensu ba. Yaron da yake ganin kansa na ƙasa ba ya irin wannan ƙarfin hali.

Sharaɗin da aka gindaya

Ɗalibai kusan 80 ne suka nuna sha'awa. Hukumar makarantu, ta hannun babban jami'in makarantun birnin Virgil Blossom, ta tace su zuwa 17 bisa makin jarrabawa da halartar makaranta, daga baya wasu suka janye, tara suka rage: mata shida, maza uku. An faɗa musu ƙarara cewa za su shiga aji, amma ba za su shiga wasanni ba, ba ƙungiyar mawaƙa, ba ƙungiyar masu kiɗa, ba wani abu na bayan darasi. Sannan ko an zage su, ko an buge su, kada su rama.

A ganina wannan sharaɗi shi ne cibiyar lamarin gaba ɗaya, ko da yake a idon manyan lokacin ƙaramin abu ne. Erik Erikson, wanda ya fi kowa tasiri a nazarin shekarun balaga, ya ce babban aikin da ke gaban matashi shi ne ya haɗa guntayen kansa su zama mutum ɗaya da zai ce ni ne wannan. Ya kuma ce al'umma takan ba matashi wani ɗan sarari, wani lokaci na ɗaga ƙafa, da zai gwada wannan ya gwada wancan, ya yi kuskure ba tare da kuskuren ya zama hukuncin rayuwarsa ba. James Marcia ya ɗora a kai a 1966, ya nuna cewa akwai bambanci tsakanin matashin da ya bincika sannan ya zaɓa, da wanda aka ɗora wa matsayi tun bai bincika komai ba. To ina ake wannan gwajin a makaranta? A filin wasa ne, da dandamalin waƙa, da teburin cin abinci inda ake ƙulla abota. Jefferson Thomas gwanin gudu ne a tsohuwar makarantarsa, a Central aka hana shi filin. Minnijean mawaƙiya ce, ta nemi a bar ta ta yi waƙa a bikin Kirsimeti na makarantar, aka hana. An toshe duk ƙofofin da za su nuna ko su su wane ne, aka bar musu guda ɗaya: wakilan launin fatarsu. Idan ɗayansu ya yi tuntuɓe, miliyoyin mutane ne suka faɗi. Kaya ne da ko babba zai yi nishi a ƙarƙashinsa, balle 'yar shekara goma sha biyar.

Ranar farko da wayar da babu

Ranar 2 ga Satumba 1957 gwamna Orval Faubus ya girke dakarun tsaron jiha a kewayen makarantar. Ranar 4 ga wata yaran suka yi yunƙurin shiga. Daisy Bates, shugabar ƙungiyar NAACP mai fafutukar haƙƙin baƙaƙen fata a Arkansas, ta shirya su haɗu su tafi tare, amma gidan su Elizabeth Eckford babu tarho, saƙon bai iske ta ba. Mahaifiyarta ta tara su aka yi addu'a, ta sa sabuwar rigar da aka ɗinka a gida don wannan rana, ta hau bas ita kaɗai. Sojoji suka tare ta, taron jama'a ya bi ta da zagi har zuwa wurin jiran bas. Hoton da Will Counts ya ɗauka a ranar, ita a gaba da littafi a hannu, wata ɗaliba farar fata sa'arta a baya ta buɗe baki tana ihu, ya zagaya duniya.

Na kawo Elizabeth ne don ta nuna yadda halin gida yake shiga lamarin ta ƙofar da ba a zata ba. Rashin tarho guda ya raba ta da sauran a ranar da ta fi buƙatarsu. Ita mai kunya ce, ta tashi a hannun uwa mai tsananin tsaro, kuma ta sha fama da ciwon damuwa shekaru masu yawa bayan haka. Ita ma wadda take ihun a baya yarinya ce, abin da ta ji a gida da unguwa take maimaitawa, ta kuma ɗauki shekaru tana neman raba kanta da wannan hoton. A farkon shekarun 1960 ta buga wa Elizabeth waya ta nemi gafara.

Ranar 23 ga Satumba aka shigar da yaran ta ƙofar gefe, kafin azahar 'yan sanda suka fitar da su saboda taron ya fi ƙarfinsu. Washegari shugaba Dwight Eisenhower ya aiko da sojojin runduna ta 101, ya kuma mayar da dakarun jihar ƙarƙashin gwamnatin tarayya. Ranar 25 ga wata suka shiga ta babbar ƙofa da rakiyar soja.

Inda soja ba ya shiga

An ba kowane ɗayansu sojan da zai raka shi daga aji zuwa aji. Amma sojan ba ya shiga aji, ba ya shiga banɗaki, ba ya shiga ɗakin canza kaya, kuma kafin ƙarshen Nuwamba an janye rundunar ta 101 baki ɗaya. A waɗannan lunguna ne aka fi ganin yadda jinsi ya raba wahalar gida biyu.

Su mazan, duka ne rabonsu. An doki Jefferson Thomas a gaban akwatin ajiyar littattafansa har ya suma. A wurin wanka bayan motsa jiki ana watsa musu fasassun kwalabe a ƙasa, ana zabga musu tawul da aka tsoma a ruwan zafi. Kuma sun san iyakarsu sarai. A watan Agustan 1955 aka kashe Emmett Till a Mississippi yana ɗan shekara 14, bisa zargin ya yi wa wata farar mace rashin kunya, kotu kuma ta sallami waɗanda suka kashe shi. A 1941 aka haife shi, shekarar da aka haifi Minnijean da Elizabeth da Melba da Ernest Green da Terrence Roberts. Sa'ansu ne. Saurayi baƙar fata a kudancin Amurka na wancan lokaci ya san ɗaga hannunsa yana iya zama ajalinsa. A shekarun da ake ce wa yaro namiji ya tsaya wa kansa, su an ce musu su haɗiye.

Su kuwa matan, an ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma a Central 'yan mata 'yan uwansu ne suka fi bin su. Ana taka musu dunduniya a hanya, ana watsa musu tawada a riga, ana tofa musu yawu. Melba ta ba da labarin yadda aka kulle ta a banɗaki ana jefo mata takardu masu ci da wuta ta sama, da ranar da aka watsa mata wani ruwa mai ƙuna a ido, sojan da yake raka ta ya yi maza ya wanke mata. A lura da inda ake hari: riga, gashi, fuska, tafiya. Wuraren ne da budurwa take tsayawa a gaban madubi tana tambayar kanta ko ta yi kyau.

Duk cikinsu babu wadda ta tsone wa masu tsangwamar ido kamar Minnijean. Thelma Mothershed tana da ciwon zuciya, ƙarama ce mai sanyi. Elizabeth shiru-shiru ce. Minnijean kuwa tana tafiya kai a sama, tana murmushi, tana neman a saurari muryarta. Abin da a Horace Mann ake kira fara'a da kwarjini, a Central sai aka karanta shi a matsayin girman kai da rashin sanin matsayi. Yarinyar ba ta canza ba, masu kallon ne suka canza.

Daga Disamba zuwa Fabrairu

Ranar 17 ga Disamba 1957 tana ɗauke da tiren abincinta a ɗakin cin abinci, wasu samari suka dinga turo kujeru suna tare mata hanya. Ta saki tiren, miya ta fallatsa a kan biyu daga cikinsu. Ernest Green, wanda yake wurin, ya ce ɗakin ya yi tsit, sai ma'aikatan kicin, waɗanda baƙaƙen fata ne, suka ɓarke da tafi. Wannan tafin yana da muhimmanci. A cikin minti ɗaya madubai biyu suka fuskance ta: hukumar makaranta ta ga mai laifi, mutanenta suka ga 'yarsu da ta ƙi a taka ta.

Aka dakatar da ita. Ranar 13 ga Janairu 1958 aka mayar da ita bisa sharaɗin ba za ta rama ba, da baki ko da hannu, komai aka yi mata, sai dai ta kai ƙara wurin hukuma. Masu tsangwamar suka gane cewa ga hanya ta samu. Ba a jima ba wani ɗalibi ya juye mata miya a jiki. A farkon Fabrairu wata ɗaliba ta bi ta da tsokana, tura ta kai bango, Minnijean ta juyo ta jefe ta da wani zagi da ake yi wa talakawan fararen fata, mai nufin shara. Ita ta ce sai da yarinyar ta jefe ta da jaka cike da kwaɗunan kulle akwati sannan ta yi maganar. Takardar makaranta ta ce zagin ne ya riga jifan. Amma ita kanta takardar ta amsa cewa sai da aka tsokane ta. Duk da haka ita aka kora.

Ta shaida wa 'yan jarida a lokacin cewa ba za ta iya shanye duk abin da ake jifanta da shi ba tare da ta mayar ba, kuma mutane ba su san abin da yake faruwa a cikin makarantar ba. Ban ga alamar yarinyar da ta raina kanta a wannan magana ba. Mai maganar ta san abin da ake yi mata bai dace da ita ba, kuma wannan sanin daga gida ta zo da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da bincike ya nuna daga baya

Yanzu mu koma ga abin da muka ajiye. Shekaru da dama masana sun ɗauka cewa tunda al'umma tana raina baƙar fata, dole yaro baƙar fata ya raina kansa. Morris Rosenberg, wanda ya ƙirƙiro ma'aunin kimar kai da har yau ake amfani da shi, shi da Roberta Simmons sun gwada wannan zato a makarantun birnin Baltimore, suka fitar da sakamako a farkon shekarun 1970. Sun tarar kimar kan yara baƙaƙe ba ta gaza ta farare ba, har ma takan ɗara. Sun kuma tarar baƙaƙen da ke makarantun da farare suka fi yawa sun fi ƙarancin kimar kai a kan waɗanda ke cikin 'yan uwansu, ko da kuwa karatunsu ya fi kyau. Bayanin Rosenberg shi ne yaro yana auna kansa ne da mutanen da ke kusa da shi, kuma idan ya zama shi kaɗai ne daban a wuri, zagi da kwatance suna isa gare shi kai tsaye.

Kada wani ya ɗauki wannan a matsayin hujjar raba makarantu. Rabuwar zalunci ce, ta hana yara littattafai da ɗakunan gwaji da damar da ake ba wasu da harajin iyayensu. Abin da binciken yake nunawa shi ne buɗe ƙofa kawai bai wadatar ba. Idan aka ciro matashi daga inda ake ganin darajarsa aka jefa shi inda ake ƙyamarsa, aka hana shi abokai da fagen nuna baiwarsa, aka ɗaure masa baki, to an cire masa garkuwa an tura shi fagen fama. Manyan da suka tsara shigar yaran Central sun yi lissafin doka da na tsaro. Lissafin zuciyar yaran aka bar wa iyayensu da gidan Daisy Bates, inda suke taruwa su sauke abin da suka kwaso a yini.

Iyayen kuma sun biya farashi. Mahaifiyar Gloria Ray ta rasa aikinta na gwamnatin jiha, mahaifiyar Elizabeth ma ta rasa nata, a watan Fabrairun 1960 aka tayar da bam a gidan su Carlotta Walls. Matashin da ya ga ana gasa wa iyayensa aya a hannu saboda shi yakan fara ɓoye ciwonsa don kada ya ƙara musu. Ta haka gidan da yake mafaka sai ya koma wurin da ake yin shiru saboda ƙauna.

Ta fuskar jinsi kuwa, abin da ya sami Minnijean bai zama tarihi ba tukuna. Wani bincike da ƙungiyar matan jami'o'in Amurka ta fitar a 1991 ya nuna 'yan mata da yawa suna rasa yarda da kansu idan suka shiga balaga, amma baƙaƙen 'yan mata sun fi farare riƙe tasu, sai dai amincewarsu da makaranta da malamai ce take raguwa. Alƙaluman ma'aikatar ilimi ta Amurka na shekarar karatu ta 2011 zuwa 2012 sun nuna an dakatar da kashi 12 cikin ɗari na baƙaƙen 'yan mata daga makaranta, farare kuwa kashi 2. A 2017 wani nazari daga tsangayar shari'a ta Jami'ar Georgetown ya gano cewa manya suna kallon baƙaƙen 'yan mata a matsayin waɗanda suka girmi shekarunsu, waɗanda ba su cika buƙatar lallashi da kariya ba. Lauya Kimberlé Crenshaw ta yi bayani tun 1989 cewa wanda ya duba launi shi kaɗai, ko jinsi shi kaɗai, ba zai ga abin da yake samun wadda take tsaye a mahaɗar hanyoyin biyu ba. Farar yarinya mai baki, a ce tana da wayo. Baƙar yarinya mai irin wannan bakin, a ce ba ta da kunya. Iyaye suna koya wa 'yarsu ta tsaya da ƙafarta domin sun san duniyar da za ta shiga, makaranta kuma ta hukunta ta a kan wannan tsayuwar.

Gidan da ya karɓe ta

Bayan korar, aka samo mata gurbi a makarantar New Lincoln da ke birnin New York. Gidan da ya karɓe ta ya riƙe ta kuwa, gidan Kenneth da Mamie Clark ne, masu gwajin 'yan tsana. Mutanen da aikinsu ya taimaka aka buɗe ƙofar Central su ne suka buɗe tasu ƙofar ga yarinyar da Central ta tofar. Tun 1946 suke gudanar da wata cibiya a unguwar Harlem mai kula da lafiyar tunanin yara, saboda haka sun san irin raunin da ta zo da shi. A can ta gama sakandare a 1959.

A Little Rock, Ernest Green ya karɓi takardar kammalawa a watan Mayun 1958, shi ne baƙar fata na farko da ya gama Central, jagoran fafutukar haƙƙin baƙaƙen fata Martin Luther King yana zaune cikin 'yan kallo. Daga nan Faubus ya rufe dukkan manyan sakandaren birnin na tsawon shekara guda. Carlotta Walls da Jefferson Thomas sun koma bayan an buɗe, suka gama a 1960. Terrence Roberts ya ƙarasa karatunsa a Los Angeles, daga baya ya zama masanin halayyar ɗan Adam.

Minnijean ta shiga Jami'ar Kudancin Illinois, ta yi aure, ta koma Kanada da zama, ta yi digiri biyu a fannin aikin jin daɗin al'umma, ta shafe rayuwarta tana fafutukar haƙƙin jama'a da koyar da zaman lafiya. A 1999 shugaba Bill Clinton ya miƙa wa su tara lambar zinariya ta Majalisar Dokokin Amurka, ita kuma ta riƙe muƙami a ma'aikatar cikin gida a gwamnatinsa. An mayar da Central wurin tarihi na ƙasa a 1998, tana kuma ci gaba da aiki a matsayin makaranta, kuma ɗaya daga cikin 'ya'yan Minnijean ta yi aiki a wurin tana yi wa baƙi bayani.

Daga cikin kayan da ta ba gidan adana tarihin Amurka na Smithsonian da ke Washington akwai takardar dakatarwar nan ta Fabrairun 1958, mai ɗauke da sharaɗin kada ta rama da baki ko da hannu. Akwai kuma rigar da ta sa ranar bikin kammala New Lincoln, wadda ita da kanta ta zana yadda za a ɗinka ta.